Faƙon da ya koma gona: tarihin da ba mu koya wa ɗiyanmu ba

Darasin hamada, yadda muka saba bayar da shi a lakol, gajere ne. Sahara tana gangarowa kudu, mutane suna sare itatuwa, bisashe suna cinye ciyawa, ruwan sama yana raguwa. Yaro ya haddace, ya rubuta ranar jarrabawa, ya samu makinsa. Shekaru na yi ina karantar da shi haka, har ranar da wata yarinya ƴar ajin CM2 ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, in hamada tana zuwa kowace shekara, mi ya sa babana ke cewa gonarmu ta fi itatuwa yanzu bisa ga lokacin da yake yaro?"

Na san amsar. Abin kunyar shi ne ban taɓa kawo ta cikin aji ba, alhali kafin in riƙe alli na yi damana biyu ina aikin gyaran ƙasa da tare ruwa a Adar, kuma kayen da nake rubuta awon rijiyoyi a ciki yana nan cikin akwatina. Don haka na ga ya dace in rubuta abin da na gani da abin da na koya daga baya game da tarihin wannan aiki, saboda ƴan uwana malamai da kuma iyaye. Abin da nake son nunawa guda ne: a cikin duk ayyukan da aka yi a ƙasar nan don ceto ƙasar noma, wanda manomi ya ɗauka nasa ne ya rayu, wanda aka yi masa kuwa yana kallo, mafi yawansa ya bi ruwa.

Yadda na faɗa cikin aikin

A 2001 na faɗi jarrabawar bak. Mahaifina ya ce ba zai ga ƙato yana zaman fada da shayi ba, ko in koma gona ko in nemi abin yi. Wani ɗan uwa ya ji labarin wani furoje da ke neman samari masu iya rubutu da lissafi a ƙauyukan da ke tsakanin Tawa da Illela. Aka ɗauke ni. Aikina huɗu ne. Da safe in rubuta sunayen waɗanda suka fito aiki. In riƙe bakin tiyo mai ruwa da ake gano daidaiton ƙasa da shi. In auna zurfin ruwan rijiyoyi lokaci zuwa lokaci, in karanta ma'aunin ruwan sama duk ranar da aka yi ruwa. Na huɗu, in ƙirga itatuwan da aka dasa.

Wanda bai san Adar ba zai yi wuya ya gane yadda ruwa ke tafiya a can. A sama akwai tudu mai faɗi, shimfiɗe da tsakuwa da marmara. Daga nan gangara mai duwatsu, sannan faƙo, sannan kwari da fadama inda ake albasa da dawa. Faƙo ƙasa ce da ta daskare kamar daɓen siminti. Ko ka zuba mata bokiti guda, ruwan gudu zai yi, ba ya shiga. Ranar da na fara ganin ruwan farko a wurin na tsaya baki sake. Cikin ɗan lokaci duk tudun ya zama tafki mai tafiya, ruwan ya haɗu cikin ƙorama ja wur, yana ɗauke da ƙasa da kara da kashin awaki. Washegari na tona faƙon da diga: ƙasa da ɗan yatsa guda, busasshiya ce ƙamas.

Nan ne shef ɗinmu ya koya mini lissafin da har yau ban manta ba. Milimita guda ta ruwan sama lita guda ce a kan kowace murabba'in mita. Idan damana ta ba da milimita 400, kowace hekta ta samu lita miliyan 4. Ya ce matsalar Adar ba ƙarancin ruwa kawai ba ce, ruwan ne ba ya kwana inda ya sauka.

Abin da ya kawo mu nan

Iyayenmu sun san wannan tun kafin a haifi wani furoje. A Adar akwai gandari, wato jeren duwatsu da ake gindayawa a kan hanyar ruwa. Akwai tassa, ƴan ramukan da ake tonawa a faƙo a shuka a ciki. A Damagaram ana ba da labarin cewa Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki a ƙarni na 19, ya hana sare gawo da hukunci mai tsanani, saboda an san hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya fi kyau. Gawo yana kaɗe ganyensa da damana, ba ya yi wa shuka inuwa, ya kuma yi ganye da rani lokacin da bisashe ke neman inuwa da abinci.

Abin da ya raba manomi da icce doka ce. A 1935 Faransawa suka kafa dokar daji ta yankin Afirka ta Yamma da suke mulka, wadda ta sa daji da wasu irin itatuwa a hannun gwamnati. Bayan ƴancin kai, dokar daji ta 1974 ta bi wannan sawu. Icce yana cikin gonarka, kai ka raine shi, amma in za ka taɓa shi sai da takarda, in ba haka ba ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. To wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Sai mutane suka koma kashe icce tun yana tsiro. Ga kuma zamanin gyaɗa da garmar shanu, lokacin da ake koya wa manoma cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share fes babu kututture. Wanda ya bar sabara da kalgo a gonarsa, rago ake ce masa.

A kan wannan hali fari ya same mu. Na farko ya fara a ƙarshen shekarun 1960, ya tsananta a 1973, ya kashe dabbobi ba adadi. A ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da Diori Hamani, Seyni Kountché ya hau, kuma yunwar tana cikin dalilan da aka bayar. Daga 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai, ta zama ranar dashen itace. Bayan shekaru goma fari ya dawo a 1984. Wannan ita ce yunwar da mutanenmu da yawa ke kira El-Buhari, don ta zo daidai da lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta, aka rasa hanyar hatsi da hanyar bida gaba ɗaya. A watan Mayun shekarar aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, wanda ya fitar da abin da ake kira Alkawarin Maraɗi.

Kafin wannan lokaci an taɓa gwada gyaran ƙasa a Adar da Majiya tun shekarun 1960, inda aka ja kunyoyi masu tsawo da injuna ko da ƴan ƙodago. Da masu aikin suka tafi, ruwa ya fasa kunya, babu wanda ya toshe, domin babu wanda aka tambaya kafin a ja ta.

Majiya, Keita, Illela

Wurare uku a jahar Tawa ya kamata kowane ɗan lakol ya san labarinsu.

A kwarin Majiya, wajen Buza, ƙungiyar CARE tare da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa katangun bedi a 1975, layi bibbiyu, tsakanin katanga da katanga mita 100, don karya iskar da ke binne shuka da rairayi. Wanda ya bi hanyar yau zai ga layukan har yanzu. Amma da itatuwan suka girma sai tambaya ta taso: na wa ne? Na mai gona, na gari, ko na gwamnati? Sai da aka zauna aka tsara yadda za a riƙa sassabe rassa da raba itacen. Aikin da aka fara a matsayin na dashe ya ƙare a kan maganar mallaka.

A Keita, babban furoje ya fara a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO tana tafiyar da shi, hukumar PAM tana ba da cimaka a madadin aiki. An tona ramuka a jikin duwatsu, an ja kunyoyi a tudu, an daure tuddan rairayi, an gina madatsun ruwa da shingayen ragar waya cike da duwatsu a cikin ƙoramu. Cikin shekaru kusan 20 an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an gyara ƙasa fiye da hekta 30,000. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne. Mazan Adar sun tafi bida, wasu Abijan, wasu Nijeriya, wasu Libiya. Matan da aka bari da yara su suka riƙe diga.

Na Illela ne ya fi ba ni mamaki, don shi ne mafi arha. A 1989 wani shiri da asusun FIDA ke tallafawa ya kai manoma 13 yankin Yatenga a Burkina Faso. Can suka ga yadda manoma irin su Yacouba Sawadogo suka gyara tsohuwar dabarar ramuka da Mosawa ke kira zai: sun faɗaɗa ramin, sun zurfafa shi, sun zuba taki a ciki tun da rani. Mutanenmu suka ce ai wannan tassarmu ce, gyara kawai aka yi mata. Suka dawo gida wasu suka gwada a ƴan hektoci kaɗan. Damanar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, aka ga masu tassa sun samu hatsi, maƙwabtansu sun tashi hannu banza. Gani ya kori ji. Daga nan tassa ta riƙa tafiya daga gona zuwa gona, har ta fita daga ƙauyukan da shirin ke aiki. Samari suka mai da tonon tassa sana'a, ana ɗaukar su ƙodago. Faƙon da a da ko kyauta ba a so, aka fara sayensa da kuɗi.

Yadda tassa ke aiki ba boyayye ba ne. Rami ne mai faɗin taki guda ko fiye kaɗan, zurfinsa kamar santimita 20, ƙasar da aka fitar a tara ta a gefen gangara. A hekta guda ana samun wajen ramuka 10,000. Iskar rani tana zuba ganye da ƙura a ciki. Takin da aka sa yana jawo gara, gara tana huda ƙasa, ruwa yana bin hudar ya sauka. A cikin takin akwai ƙwayoyin itatuwa da bisashe suka ci, sai ka ga bagaruwa ko magarya ta tsiro tare da hatsi ba wanda ya dasa. A ƙauyen Batodi, masu bincike sun rubuta cewa ruwan rijiyoyi ya taso da kusan mita 14 tsakanin 1994 da 2004, har mata suka buɗe garake inda a da ruwan sha ma wahala yake.

Kurakuraina biyu

Ni na iso wurin shekaru goma sha biyu bayan tafiyar Yatenga, da takardar BEPC da girman kai. Aikin da aka fi sa mu shi ne rabin wata: rami mai siffar jinjirin wata, faɗinsa mita 4, bakinsa yana kallon inda ruwa ke fitowa, kunyarsa tana ƙasa. Ana tona 313 a hekta, kuma ana saɓa layukan yadda ruwan da ya tsallake na sama zai faɗa cikin na ƙasa.

Wata rana shef bai zo ba, aka bar ni in shata wa mata wurin tono. Tiyo ya yi yoyo, rana ta yi zafi, sai na ce ido ya isa. Na ja layukan suna bin hanyar mota. Wata tsohuwa da ke cikin masu aikin ta dafa digarta ta ce: "Ɗana, ruwan nan ba daga nan yake zuwa ba. Daga gindin aduwa can yake gangarowa." Na ce: "Inna, haka aka koya mana." Ta ce: "To, Allah ya ba mu alheri." Ta ci gaba da tono.

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo ta gindin aduwa. Ya bugi rabin watannin a gefe, ya fasa kunyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya haɗu wuri guda ya tsaga gonar wani bawan Allah da ke ƙasa. Aikin kwanaki na mata masu goyo ya tafi cikin dare ɗaya, kuma sai da aka kai maganar gonar gaban maigari. Tsohuwar ba ta ce mini komai ba. Da muka dawo gyara, ita ta riƙa tafiya a gaba tana nuna mini inda kara da kashin tumaki suka taru bayan ruwa, ni ina biye da tiyo ina tabbatarwa. Duk inda ta nuna, tiyo ya yarda. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Kuskure na biyu ya fi wannan zurfi, kuma na daɗe ban gane kuskure ne ba. Takardar ƙirgan itatuwa tana da gurbin adadin da aka dasa. A watan Agusta muna cika ta da lambobi masu daɗin gani. A watan Maris in na koma, mafi yawan dashen ya bushe ko awaki sun cinye, sai ramuka da tsummokaran leda. Na tambaya ko in rubuta waɗanda suka rayu, aka ce mini rahoton bai nemi wannan ba. A lokaci guda kuma ina ratsa gonakin da kalgo da sabara da gawo ke tasowa da kansu, manomi ya gyara musu rassa, ina wuce su ban ƙirga ko ɗaya ba, don ba su da gurbi a takardata. Icce in ba daga leda ya fito ba, a idona ba icce ba ne.

Rijiyoyin ne kawai ba su yi mini ƙarya ba. Ni ina awo da mita, masu jan ruwa suna awo da gaba. Wani dattijo mai shayar da shanu ya iya faɗa maka gaba nawa igiyarsa take a shekarar El-Buhari, da gaba nawa ya yanke ya ajiye tun da aka gyara tudun da ke saman garin. Na rubuta maganarsa a bayan kaye, ban sa ta cikin rahoto ba. Yau ita ce abin da na fi daraja a kayen.

Abin da na tarar a Maraɗi

Bayan damana ta biyu na ci jarrabawar shiga makarantar horon malamai ta Tawa. Da na fito aka tura ni wani ƙauye a jahar Maraɗi, na iso daidai da farar 2004 da wahalar 2005. A can ƙasar jigawa ce, ba faƙo ba, kuma abin da ya ceci mutane wani abu ne daban: sassaben zamani.

Tarihinsa ya haɗa da wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ya zo Maraɗi aikin dashen itace ƙarƙashin mishan ta SIM. Ya yi ta dasawa suna mutuwa, kamar yadda na gani a Adar. A 1983 ya tsaya a hanya zai rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, ya duba wani ɗan kurmi a bakin hanya, ya gane ashe ba ciyawa ba ce, kututturen icce ne mai rai da ke tohowa kowace shekara ana sassabe shi. Saiwar tana nan a ƙasa, ta riga ta kai ga danshi. Abin da ake bukata kawai a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bari, a cire sauran, a kare su. A yunwar 1984 aka haɗa wannan da rabon cimaka, manoma suka bar itatuwa wajen 500,000. Da rabon ya ƙare, aka sare kusan kashi biyu cikin uku. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga amfanin: itacen wuta, harawa, iska ba ta binne shuka, ba a sake shuka sau uku ko huɗu. Maƙwabta suka kwaikwaya. A wasu garuruwa, irin Ɗan Saga ta Agiye, mutane suka kafa kwamitin tsaron itatuwa da dokokinsu na kansu.

Sai bayan shekaru ashirin duniya ta farga. Masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, suka ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kan hekta wajen miliyan 5, mafi yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram. A Magarya da Matamai da Mirya gawo ne ya cika gonaki. Ba a ƙirga su da wuri ba saboda dalilin da ya hana ni ƙirga su: kowa dashe yake nema. A 2018 Rinaudo da Yacouba Sawadogo suka samu lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin. Doka ma a hankali ta biyo bayan manoma: tsarin dokar karkara na 1993, sabuwar dokar daji ta 2004, sai dokar 2020 da ta amince cewa iccen da manomi ya raina a gonarsa yana da haƙƙi a kansa.

A 2005 na ga bambancin da idona. Yaran da gidajensu ke da itatuwa a gona, uwayensu na sayar da itace da ganye da ƴaƴan gawo su sayi tiya guda. Ba a ƙoshi ba, amma yaro yana zuwa aji. Waɗanda ba su da komai, wasu anza suka koma ci, wasu aka kwashe su aka bar garin, kujerunsu suka zauna babu kowa har ƙarshen shekara.

Inda labarin bai yi daɗi ba

Kada mu maye gurbin darasin tsoro da darasin yabon kai. Da faƙo ya yi daraja, mai kuɗi ne ya saya, talakan da yunwa ta matsa ne ya sayar, daga baya ya dawo yana tona tassa ƙodago a ƙasar da ta kasance ta ubansa. Matan da suka ɗauki duwatsu ba kullum aka ba su kaso a ƙasar da suka gyara ba. Tudun da makiyayi ke kiwo a kai, da ya zama gona ko aka killace shi, Bafillace da Buzu sun rasa wurin, wasu burtaloli suka matse, rigima ta ƙaru. Madatsun ruwa da yawa sun cike da yashi, ragar waya ta tsinke ba a ɗaure ba, don an saba sai an biya kafin a taɓa su. Yawanmu kuma yana ƙaruwa: ƙidayar 1988 ta ba da miliyan 7 da ƴan kai, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17. Gonar da kaka ya gyara, jikoki goma ke jiran rabonta. Ambaliyar 2024, wadda ta rushe gidaje a Maraɗi ta kuma kayar da tsohon masallacin Birnin Damagaram, ta tuna mana cewa ruwan da ba a tsayar ba ba wucewa kawai yake yi ba, ɓarna yake yi a hanya.

Babban abin da ke ba ni tsoro shi ne mantuwa. Waɗanda suka je Yatenga da waɗanda suka tona ramukan Keita sun tsufa, da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Jikokinsu suna zaune a gabanmu muna gaya musu da Faransanci cewa ƙasarsu mutuwa take yi. Yaron da aka raina da wannan magana, me zai hana shi ɗaukar jaka ya nufi Agadas ranar da ya girma?

Ga malamai da iyaye

Ba sai an canza manhaja daga Yamai ba kafin mu yi wani abu. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da ƴar rula sun isa ma'aunin ruwan sama. A kafa shi a fili nesa da icce da rufi, yara su riƙa karantawa bi da bi daga Yuni, wanda ke kusa da lakol ya riƙe kayen lokacin hutu. Lissafi ya samu: aji mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7, in aka yi ruwan milimita 20, rufinsa ya zubar da lita 1,260, wato fiye da tano 6 na lita 200. A tambayi yara ina ruwan ya tafi. A fita da su bayan ruwa su bi sawunsa, su ga inda ya ci ƙasa da inda ya ajiye ta. A tona rabin wata biyu ko uku a bayan aji, a bar su su yi kuskure irin nawa su gyara. Ranar 3 ga Agusta a dasa icce kamar yadda aka saba, amma a koma a watan Maris a ƙirga waɗanda suka rayu, a rubuta gaskiya. A nemi kututture mai toho a filin lakol a raine shi kusa da na dashe, yara su ga wanda zai riga wani.

Darasin tarihi kuma yana cikin gari. A gayyato tsohuwar da ta yi aikin duwatsu, ko dattijon da ya san gaba nawa rijiyar gari take a 1984, su zauna a gaban aji su yi magana da Hausa, yara su rubuta. Ku iyaye, in za ku sassabe ku tafi da yaro, ku faɗa masa dalilin barin wannan reshe da cire wancan, ku faɗa masa sunan kowane icce da amfaninsa. Kada ku ce ɗan lakol ne, ba ruwansa da gona. Ni ma ɗan lakol ne ranar da na fasa gonar mutum.

Yarinyar da ta yi mini tambaya, na ba ta aikin gida: ta je ta ƙirga itatuwan gonarsu tare da babanta, ta tambaye shi wanne aka dasa, wanne ya taso da kansa. Ta dawo da jerin sunaye, gawo da kalgo da aduwa da magarya, ta ce babu ko ɗaya da aka dasa, kuma babanta ya ce a gaishe ni, in ina so in zo ya nuna mini yadda ake yi. Na je ranar Asabar, da tsohon kayena a hannu.